Ku Tambayi Malamin Gona: Takin Ruwa na Ciyawar Teku, Yana da Illa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin rani ne a yankin Kadawa, ina noman tumatir da albasa, da ɗan latas a gefen gona. Bana wani mai sayar da magungunan gona ya kawo mana taki a gora, baƙi ne wuluk, mai kauri, yana ƙarni kamar kifi. Ya ce da ciyawar teku aka yi shi, wai kuma lita ɗaya ta fi buhu biyu na kamfa. Na sayi lita ɗaya amma har yau ban fesa ba, domin maƙwabcina ya ce kayan teku suna da gishiri da guba, za su kashe mini ƙasa. Uwargida ma ta ce kada in kawo mata latas ɗin da aka fesa masa abin da ba ta sani ba. Malam, in fesa ko in zubar?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da damina da rani masu albarka. Kada ka zubar, amma kada ka yi gaggawar fesawa. Mutum uku suka yi maka magana, kowannensu akwai inda ya dace akwai inda ya kauce, kuma wanda ya fi kaucewa shi ne wanda ya karɓi kuɗinka.

Takin ciyawar teku ba baƙon abu ba ne a duniya. Mutanen gaɓar teku a Ailan da Sikotlan da yankin Biritani na Faransa sun yi ɗaruruwan shekaru suna kwasar wannan ciyawa suna zubawa a gonakin dankalin Turawa. A tsibiran Aran ma, inda dutse ya fi ƙasa yawa, da ciyawar teku da rairayi mutane suka riƙa haɗa ƙasar noma da hannunsu. Wajen 1950 wani masanin sinadarai a Ingila, Reginald Milton, ya gano hanyar narkar da ita ta zama ruwa, aka fara sayarwa da sunan Maxicrop. Yau mafi yawan na kasuwa daga nau'i uku ake yin su: Ascophyllum nodosum da ake yanka a gaɓar Norwe da Kanada da Ailan, Ecklonia maxima ta Afirka ta Kudu, sai Kappaphycus alvarezii da ake nomawa a cikin teku a Indiya da Indunisiya da Zanzibar. Ka ɗauko gorarka ka duba. In na kirki ne, za ka ga ɗaya daga cikin irin waɗannan sunaye a jikin takardar.

Yanzu maganar buhu biyu na kamfa. Mu yi lissafi tare, don ban so ka karɓi maganata kamar yadda ka karɓi tasa. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kashi 15 cikin 100, kilo 7.5 ke nan, na naitirojin, wato sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, shuka ta miƙe. Buhu biyu kilo 15 ke nan. Ruwan ciyawar teku da ba a ƙara masa komai ba galibi naitirojin ɗinsa ba ya wuce kashi 1 cikin 100, wato kamar giram 10 a lita. Kafin ka tara abin da ke cikin buhu biyun nan sai ka zuba lita 1,500. In da yuriya za a gwada, wadda buhunta ɗaya ke da kilo 23, lissafin ya fi haka muni. Saboda haka abin da ya gaya maka romon baka ne kawai, kuma irin wannan magana tana ƙona mini rai, domin na ga abin da take jawowa.

Shekarun baya, lokacin da farashin taki ya tashi, na ziyarci wani dattijo da na daɗe ina yi wa aikin malamin gona. Ya sayar da akuya ya sayi irin wannan gora guda huɗu, ya fasa sayen yuriya gaba ɗaya, don an ce masa sun wadatar. Masararsa ta kai gwiwa ta tsaya. Ganyen ƙasa ya yi rawaya tun daga tsini, rawayar ta bi tsakiyar ganyen ta gangara, karan kuma siriri kamar na gamba. Ya kama hannuna ya kai ni tsakiyar gonar, ya ce, "Malam, sau uku na fesa, ko maye ne ya shiga gonar?" Na ce masa, "Baba, yunwa ce." Ruwan da ya fesa bai yi wa masarar illa ko kaɗan ba. Abin da ya fasa saya saboda shi, shi ya cinye masa shekara.

To mene ne amfaninsa? Ka ɗauke shi kamar daddawa a miya. Tana gyara miya, tana sa a ci tuwo da marmari, amma ba a taɓa tara iyali a kan kwanon daddawa a ce su ƙoshi ba. A cikin ciyawar teku akwai wasu sinadarai, irin su aljinet da manitol da betayin, da ɗan potashiyam da ƙananan ma'adinai, waɗanda ke zaburar da shuka ta fitar da saiwa da yawa, ta kuma jure wahala. Shi ya sa Tarayyar Turai, a dokarta ta taki mai lamba 2019/1009 wadda ta fara aiki a Yulin 2022, ta ware wa irin waɗannan kaya aji nasu na daban, ajin masu zaburar da shuka. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama ba su fito da sakamako iri ɗaya ba. Wani wuri an ga ƙari sosai, wani wuri kusan babu bambanci. Inda aka fi ganin amfaninsa shi ne lokacin da shuka ke cikin matsi: bayan dashe, lokacin zafi mai tsanani, ko ƙarancin ruwa. A nawa lambun ma a nan na fi ganinsa. Tumatir ɗin da na jiƙa saiwarsa a ruwan kafin dashe yakan riga sauran ɗago kai. Bayan wannan, gaskiya, ban ga abin da zan rantse a kai ba.

Sai maganar maƙwabcinka, kuma ina so ka gaishe shi, don tsoronsa yana da tushe. Ciyawar teku, musamman mai launin ƙasa-ƙasa, tana zuƙar asenik, wani sinadari mai guba, daga ruwa ta tara a jikinta, tare da ɗan kadmiyam. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan haɗarin irin waɗannan ƙarafa. Yawancin asenik ɗin da ke cikin ciyawar teku yana ɗaure ne da wasu sinadarai, kuma a wannan siffa dafinsa kaɗan ne. Amma akwai nau'in da ke tara mai dafin sosai. Wata ciyawa da Japanawa ke ci, hijiki, a 2004 hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta shawarci jama'a su daina cinta saboda haka. Dokar Turai da na ambata ta sa iyaka: a kowane kilo na busasshen kayan, asenik mai dafi kada ya wuce miligiram 40, kadmiyam 1.5, dalma 120, zaiba 1.

Abin da maƙwabcin naka bai sa a lissafi ba shi ne yawan abin da ake zubawa. Hekta guda ba ta cin fiye da lita biyu ko uku a feshi ɗaya. Ko da kayan sun kai ƙarshen iyakar nan, kuma mu ƙaddara gorar duka tsagwaron ciyawa ce babu ruwa a ciki, lita uku ba za ta kai wa hekta fiye da miligiram 120 na asenik ba. Ƙasar saman hekta ɗaya, daidai zurfin da garma ke juyawa, nauyinta ya haura tan 2,000, kuma tun asalin halitta kowane kilo nata yana da 'yan miligiram na asenik. Ka ga abin da ke kwance a gonar tun kafin a haife ka ya ninka na gorar sau dubbai. Gishiri ma haka. Abin da za ka zuba a injin feshi na goyo bai kai rabin kofin shayi ba. Ruwan ban-ruwan da kake kwarara wa fadamarka daga Nuwamba zuwa Afrilu ya fi shi kawo gishiri nesa ba kusa ba. In ka fara ganin farin busa-busa kamar kanwa a saman kunya, magudanar ruwanka za ka duba, ba wannan gora ba.

Duk wannan da na faɗa, a kan na ainihi nake magana. Matsalarmu a nan ita ce ba kowace gora mai baƙin ruwa ce ciyawar teku ba. Na taɓa tsayawa a wata rumfar kasuwa na ga jerin gorori a rana tsaka, babu sunan kamfani, babu ranar da aka yi, sai hoton tumatir ja jawur. Biyu daga ciki sun kumbura, gindinsu ya turo har ba sa tsayuwa daidai. Da mai rumfar ya buɗe mini ɗaya sai ta yi tsiii, warin da ya bugi hancina kuwa ba ƙarnin teku ba ne, ɗoyi ne, da kaifin yuriya a bayansa. Wani ne ya narka yuriya ya zuba launi. Irin wannan shi ke ƙona ganye, kuma ba wanda zai iya gaya maka abin da ke ciki, har shi mai sayarwar. Tun 2019 Najeriya tana da dokar kula da ingancin taki, wadda ta wajabta rajista da rubuta abin da ke cikin kaya a jikin mazubi, ta kuma tanadi hukunci ga mai algus. Ka nemi sunan kamfani da adireshinsa, sunan ciyawar, jerin sinadaran da adadinsu, lambar rukuni, ranar da aka yi da ranar lalacewa. In babu waɗannan, cinikin biri a sama ka yi, ka mayar masa da kayansa. In kana shakka, ka kai gorar ofishin KNARDA, hukumar raya aikin gona ta Jihar Kano, mafi kusa da kai, malamin gona ya duba maka takardar.

In takarda ta cika, ga yadda za ka yi. Ka bi ma'aunin da aka rubuta. Yawanci mililita 2 zuwa 5 ne a litar ruwa. In 3 aka ce, injin lita 16 zai ci mililita 48. Ka sayi sirinji a kemis don awo. Na san mun saba da gwangwanin madara, to shi ya ninka wannan kusan sau uku, kuma a nan mutane ke ƙona shukarsu: gefen ganye ya bushe ya yi ruwan ƙasa, huda ta zube. Ka yi feshi da sassafe ko bayan la'asar. Ruwan da ke cikin gorar, kafin a tsarma shi, sau da yawa yana da kaifi, don da sinadari ɗan'uwan sodar sabulu ake narkar da ciyawar a masana'antu da dama. Kada ya shiga ido, ka sa safar hannu, ka ajiye shi a inuwa inda yara ba sa kaiwa, kuma don Allah kada a juye shi a gorar lemo.

Wannan kaifin shi ne dalilin da ya sa ban so ka haɗa shi da maganin ƙwari kai tsaye. Wasu magungunan suna rasa ƙarfinsu a ruwa mai kaifin kanwa, wasu kuma su guda su toshe bakin injin. In dole sai ka haɗa, ka fara gwadawa a kwalba: ɗan ruwa, ɗan wannan, ɗan wancan, ka girgiza ka bar shi rabin awa. In ya yi gudaji ko ya rabu biyu, kada ka zuba a inji. Kuma ka sani ba ya kashe tsutsa. Tsutsar nan Sharon da ta cinye tumatir ɗinmu a 2016 ba ta san da shi ba.

Uwargida kuwa, a gaya mata tana da gaskiya da ta tambaya. Latas ɗin da aka fesa wa ruwan ciyawar teku na ainihi, a ma'auninsa, ana cinsa. A bar kwana biyu ko uku kafin a yanka, a wanke da ruwa mai tsabta kamar kullum. Amma in an gauraya shi da maganin ƙwari, to kwanakin jiran da aka rubuta a jikin maganin su za a bi, ba ragi. Abin da ya fi tayar mini da hankali a kan latas da kabeji na garuruwanmu shi ne ruwan da ake ba su da maganin da ake fesa musu ana gobe kasuwa.

Shawarata ta ƙarshe gare ka: tun da ka riga ka saya, ka ware kunya huɗu ka fesa, ka bar huɗu na kusa da su ba feshi, duka ka ba su taki da ruwa daidai wa daida. Ka kafa kara don kada ka manta. Lokacin tsinka ka ƙirga kwandunan kowane ɓangare daban. Gani ya kori ji. Ka rubuto mini abin da ka samu, in sha Allahu zan buga shi a wannan fili, ko ya yi daidai da maganata ko ya saɓa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina zaune a zangon Takoradi a Gana. Duk shekara teku tana turo wata ciyawa mai ruwan zinariya tana tarawa a gaɓa tsibi-tsibi, masunta suna kuka da ita. Na ji an ce taki ce. Ina tunanin in sa yara su shanya ta, in ɗura a buhu in kai arewa wa masu lambu, ko in jiƙa ta a duro in sayar da ruwan. Me ka gani?

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma wannan cinikin ka dakata da shi. Ciyawar da kake gani sunanta Sargassum. Tun 2011 ta fara mamaye gaɓar Afirka ta Yamma, daga Saliyo zuwa Gana har Legas, da kuma tsibiran Karibiyan a ɗaya ƙetaren. A Yunin 2018 masana da ke bibiyarta ta tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta ta haura tan miliyan 20 a tekun Atalantika. Duk wanda ya ga wannan tarin dole ya yi tunanin da ka yi.

Sai dai ita 'yar gida ɗaya ce da hijikin da na ambata a sama, wato tana cikin masu tara asenik mai dafi, kuma yawansa yana bambanta daga wannan tari zuwa wancan, ido ba ya ganewa. Lissafin da na yi wa mutumin Kadawa ba ya aiki a nan. Shi lita uku zai watsa wa hekta, kai kuwa masu sayen naka buhu-buhu za su zuba a ɗan fili, shekara bayan shekara, a kan alayyafo da latas da albasa. Asenik da kadmiyam ba sa ruɓewa kamar ganye, kuma gishirin da ke jikin ciyawar da ba a wanke ba zai zauna a ƙasar da ruwan sama bai isa ya wanke ta ba. A tsibirin Bonaire an gwada shuka kayan lambu a ƙasar da aka cakuɗa da ita, aka samu asenik a kayan ya fi na waɗanda aka shuka a ƙasar da ba a sa mata ba.

Ga kuma lafiyar yaran da za ka sa aikin. In ta kwana biyu a gaɓa ta fara ruɓa, tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A Gwadalup da Matinik wannan iska ta kai mutane da yawa asibiti da ciwon kai da sarƙewar numfashi. Mai asma kada ya kusance ta. In har kana son shiga harkar da gaske, hanyar ita ce ka kai samfuri ɗakin gwaji na jami'a a auna maka asenik da kadmiyam da gishiri, kuma ko sakamako ya yi kyau, a fara da itatuwan katako da furannin ado, ba abin da za a ci ba.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce a Zariya, ina shuka tattasai da alayyafo a buhu a tsakar gida. Ba ni da kuɗin na gora. Gansakuka da kainuwar kududdufin bayan unguwarmu za su iya maye gurbinsa?

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Su ba ciyawar teku ba ne, ba za su ba ki abin da ke cikin gorar ba, amma kainuwa takan yi taki mai kyau in an tara ta da kashin awaki da ɗan toka aka bar ta ta ruɓe sosai. Abin dubawa shi ne ruwan da ta tashi a ciki, don ita ma mazuƙiya ce, duk abin da ke ruwan yana jikinta. In kwatamin unguwa yana zuba a kududdufin, ko ana wankin babura da juye baƙin mai a bakinsa, ko akwai marina ko majema kusa, ki bar ta. Gansakuka mai kauri da ke sa ruwa ya koma kore kamar fenti kuwa kada ki taɓa, wani nau'inta yana da dafin da ke kashe dabbobi in sun sha.

Ga buhunan tsakar gida, abin da kike da shi ya isa. Ki samu busasshen kashin kaji ko na awaki wanda ya daɗe a ajiye, ki ɗaure cikin tsumma kamar cikin kwano ɗaya, ki jefa a bokitin ruwa ki rufe, ki riƙa motsawa har mako guda. Ki tsarma shi sai ya yi launin shayi marar ƙarfi, ki zuba a gindin shukar, kada ya taɓa ganyen da za a ci. Alayyafon kuma ki daina ba shi wannan ruwa mako biyu kafin ki tsinka, ki dafa shi sosai.